Cindo da Buzuzun Rogon Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga bayan ganye ta fito.

Ta zo mu ji ta, mu ga abin da ta ƙunso.

To ku matso. Wanda duk ya yi gyangyaɗi zan sa masa buzuzu a wuyan riga, kun san kuwa na taɓa yi.

An yi wani mutum a wani gari na bakin fadama, sunansa Cindo. Yatsu shida gare shi a hannun dama, mutanen garin suna cewa na shidan nan shi ne ba ya barci. In Cindo ya zauna, ƙafarsa na rawa. In ya tsaya, hannunsa na tsinkar wani abu. Bai taɓa cinye malmalar tuwo a zaune wuri ɗaya ba. Babban ciwonsa kuwa, ba ya jin magana ya kai ƙarshenta. In ka ce masa, "Cindo, yau kasuwa ta ci, amma..." kafin ka rufe baki ya kai tsallaken rafi.

Mahaifiyarsa, Inna Yalwa, tana da lambun rogo, kunya arba'in, a gefen fadama. Ba irin rogon da kuka sani ba ne. Ranar da aka kawo ta garin tana amarya, sanda uku ta ƙunso a zaninta daga garinsu ta dasa. Rogon fari ne sol, ba ɗaci, ba jijiya, in an dafa shi sai ya tsage da kansa kamar mai dariya. Duk ƙasar babu mai irinsa. Shi kuwa rogo ba a shuka shi da ƙwaya kamar gero. Karansa ake sarewa a dasa in ruwa ya sauka. In karan ya bushe kafin damina, iri ya tafi ke nan, ko shekara za ka yi kana kuka.

A kusurwar gabas ta lambun, wajen tsohuwar rijiya, akwai tushe uku da Inna ba ta taɓa haƙewa. Ba ta nome wurin, ba ta sharewa. Ciyawa ta yi tsayi, busasshen ganye ya taru. Wannan kusurwa ta daɗe tana damun Cindo. Kullum ya wuce da fartanya sai hannunsa ya kama ƙaiƙayi.

Da ciwon ajali ya kama Inna, sai ta sa aka kira shi. Ta ce ta bar masa lambu, ya riƙa ba yayarsa Tabawa rogon da take soya ƙosai da shi, don da shi take ciyar da 'ya'yanta.

"Amma kusurwar nan ta gabas," in ji Inna, "kada ka share ta, kada ka ƙone ta, domin..."

Sai Cindo ya ji kukan akuya a cikin dangar maƙwabta. Sai ya fita korar ta. Kafin ya dawo Inna ta yi barci. Kwana biyu tsakani Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi sadakar arba'in. Rani ya shigo. Cindo ya ɗauki fartanya da tsintsiya ya faɗa lambu. Ya nome, ya share, ya sake sharewa, har ana iya shanya gari a ƙasa. Ya zo kusurwar gabas. Ya tsaya. Ya wuce. Ya dawo. Yatsan nan na shida ya kama rawa. Sai ya ce a ransa ai tsufa ne ya hana Inna gyara wurin. Sai ya haƙe tushe ukun, ya tara ciyawa da ganye, ya cinna wuta. Masu wucewa suka riƙa yaba tsabtar lambu, shi kuwa yana ta gaya musu cewa a hannunsa rogon zai san ya samu maigida.

Abin da Cindo bai sani ba, kusurwar nan gari guda ce. Wasu 'yan buzuzu ne ke zaune a cikinta. Ba irin mai mirgina kashin shanu ba, waɗannan baƙaƙe ne ƙanana, ba su kai ƙwayar riɗi ba. Babbarsu ana ce mata Iya Duna. Abincinsu guda ɗaya ne a duniya, ƙumar rogo. Ita ƙumar rogo wata aba ce koriya, ƙarama ƙwarai, ido ba ya kama ta sai an ƙura. Bayan sabon ganye take maƙalewa tana tsotse ruwansa, kuma da rani take haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Ƙafa takwas gare ta. Duk garin nan ni kaɗai na taɓa ƙirgawa, wanda bai yarda ba gobe ya je ya ƙirga.

Da wuta ta ci gidansu, buzuzun da suka tsira suka watsu cikin lambu, kowa ya kama ganye.

Bayan mako biyu Cindo ya ga saman rogo ya fara ɗige-ɗigen rawaya, sabon ganye yana fitowa a ƙanƙance, a murɗe. Ya juya ganye ɗaya, sai ga ɗan baƙin abu. Ya juya na biyu, ga wani. Na uku, ga biyu. Ƙumar kuwa tana nan birjik a gaban idonsa, bai gan ta ba.

"Na kama ɓarawo," in ji Cindo.

Iya Duna ta ɗago kai daga kan ganye ta ce, "Ɗan Yalwa, tsaya ka ji. Ba mu ne..."

Ina, ya riga ya kai gida ɗauko gora.

Ranar nan tun hantsi har la'asar yana tsince buzuzu da yatsunsa shida yana jefawa a gora. Ya toshe baki da totuwa, ya haye rafi da gudu, ya zazzage su a can tsallake, har da Iya Duna a ciki. Ya dawo yana huci. Da ya tsaya tsakiyar lambu sai ya ji kamar ana wata 'yar siririyar dariya a ƙarƙashin ganye. Ya ce iska ce.

Kwana bakwai, kunya goma ta bushe daga sama.

Tabawa ta zo da farar tasarta ɗaukar rogo. Ta dubi lambu, ta dubi ƙanenta. Ta tambaye shi ina kusurwar Inna. Ya ce ya gyara ta. Ta ce ita dai ba ta san dalili ba, amma ta san Inna ba ta barin abu a banza. Ta fara cewa da ita ce shi da sai ta bari a... Sai ta waiga ta ga da rijiya take magana.

Shi yana can wajen Dogara, mai lambun albasa. Ya tarar da shi yana ban ruwa. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya tambaye shi abin da ke korar ƙwaro.

Dogara ya ce, "To, hayaƙin barkono yana korar mai fiffike, sai dai fa..."

"Na gode," in ji Cindo daga bakin hanya.

Ya kwaso barkonon Tabawa kwano guda, ya tara yayi a kowane lungu na lambu, ya hura wuta, ya zuba. Hayaƙi ya tashi. Cindo ya yi tari har ya durƙusa. Unguwar gaba ɗaya ta kama atishawa. Jakin mai unguwa ya tsinke igiya ya bi hanyar kasuwa. Mata suka fito suna tsine wa wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa yana tsalle daga kunya zuwa kunya yana fifita wuta da malafa. Buzuzun da suka rage, da yake suna da fiffike, mafi yawansu suka tashi suka bi sawun Iya Duna. Ƙuma ba ta da fiffike, ba ta da inda za ta, sai ta ƙara lafewa a bayan ganye har hayaƙi ya wuce. Da yamma Cindo ya sake jin 'yar dariyar nan, ta fi ta farko ƙarfi. Ya ce kunnensa ne barkono ya shiga.

Kwana bakwai, kunya goma sha biyar ta bi 'yan uwanta.

Tabawa ta zo da tasa. Ta tambayi barkononta, ya ce ya yi aikin alheri. Ta ce rogon da ta haƙa jiya duk ya tsuke, ƙosan ma ya ƙi tashi, masu saye sun fara komawa wajen mai wainar gero. Ta ce in ya ƙarar da irin Inna, kada ya ƙara kiran ta Yaya. Wannan ta shige shi. Bai ci abinci ba ranar. Ya zagaya lambu sau tara, yana juya ganye, har ya samu 'yan baƙaƙe shida da wasu 'yan tsutsotsi masu launin toka a tare da su. Ya ce wato har haihuwa suke yi masa.

Ran kasuwa ya sayar da ɗan akuyansa, ya nufi rumfar mai maganin feshi. Mutumin ya miƙo kwalba ya ce, "Murfi ɗaya a bokiti guda. Amma kafin ka fesa ka fara duba ko..."

Cindo ya riga ya sha kwana.

Ya ari famfon feshi. Ya ce in murfi ɗaya yana kashewa, kwalba guda sai ta kashe har jikoki. Ya juye duka. Ya fesa sama, ya fesa ƙasa, ya fesa har rijiya ta so ta samu rabonta. Buzuzu shida suka faɗo. Tsutsotsin suka faɗo. Ƙuma ma da yawa ta mutu, gaskiya ɗaya ce. Amma ƙwanta yana nan manne a jikin ganye. Kwana huɗu ya ƙyanƙyashe. Sababbin suka fito suka duba gabas, suka duba yamma, babu mai cin su ko ɗaya. Sai suka buɗe baki.

Kafin mako ya zagayo, lambun kunya arba'in ya koma tushe bakwai. Sauran duk sun tsaya tsirara kamar an kakkafa sanduna.

Tabawa ta zo da tasa, wannan karon ba ta ko sa ran cika ta ba. Cindo ya gan ta ya juya zai tafi neman wani magani. Sai ta yi wuf ta cafke yatsansa na shida. Tun suna yara ta san nan ne linzaminsa.

"Yaya, sake ni, akwai wani mutum a ƙauyen gaba da aka ce..."

"Ba inda za ka. Tsaya ka dubi aikinka."

Don haushi ta kai wa karan rogo duka da gefen tasa. Wata 'yar ƙura ta zubo daga ganye ta faɗa cikin farar tasar. Tabawa za ta hure, sai ta tsaya. Ƙurar tana tafiya.

Ta jawo kan Cindo ta dangwara kusa da tasa. Ya so ya zame, ta murɗe yatsa. Dole ya ƙura ido. Sai ga su, ɗaruruwa, koraye, suna ta kai da kawowa. Wata mai ɗan kauri a cikinsu ta tsaya a tsakiyar tasa ta gyara murya.

"Sannu da aiki, Cindo," in ji ta. "Ni ce uwar ƙuma. Na daɗe ina son in yi maka godiya, ba ka tsayawa."

Ta ce tun zamanin uwarsa ba su taɓa ƙoshi ba sai bana. Ta ce da, in suka haifi ɗari, baƙaƙen nan na kusurwa sai su fito su cinye casa'in kafin azahar, 'ya'yansu masu launin toka kuwa sun fi iyayen ci. Ta ce ranar gora sun yi dariya, ranar hayaƙi sun yi rawa, ranar feshi kam an yi asara, amma an mayar da gurbi har da riba.

Tabawa ta ce da ita ta ji tsoron Allah, irin uwarsu ne. Uwar ƙuma ta ce ita ba ta san iri ba, ganye ta sani.

"Saura tushe bakwai," in ji ta. "Ruwa kuwa sai nan da kwana ashirin. Mu kuwa kwana goma ma ya ishe mu."

Cindo ya ji kamar an zuba masa garwashi a riga. Ya fizge yatsa ya zura da gudu, ya haye rafi ko wando bai naɗe ba. Ya bi lambunan tsallake yana juya ganye, har ya samu Iya Duna a lambun kuɓewar wata tsohuwa, ita da jama'arta, suna kalaci da wata ƙuma ja da ke damun kuɓewa.

Ya durƙusa. Ya ce ya yi kuskure, ya tuba, su dawo gida.

Iya Duna ta gama tauna abin da ke bakinta. Ba ta yi sauri ba. Ta ce, "Ɗan Yalwa, ka ƙone mana gida, ka zuba mu a gora, ka kashe mana jikoki. Duk da haka don darajar uwarka za mu dawo, in..."

"Alhamdu lillahi," in ji Cindo, ya tashi da gudu ya kai wa Tabawa albishir.

Ya kwana yana jira. Ya wuni yana leƙen hanya. Ko buzuzu ɗaya bai zo ba. Tushe guda ya bushe, saura shida.

Ya koma. Ya durƙusa. Ya ce ga shi, ta faɗi sharaɗinta, yau kunnensa a buɗe yake.

"Na farko," in ji Iya Duna, "a mayar mana da kusurwa yadda take, da ciyawarta da busasshen ganyenta. Na biyu..."

Ta ɗaga kai, sai ƙurar ƙafarsa.

Ya kwaso ganye daga gindin kowace bishiya, ya tumɓuko ciyawa da saiwarta daga bakin fadama ya dasa wajen rijiya, ya yi ban ruwa. Masu wucewa da suka yaba masa da, yanzu suna tambayar juna ko lafiya. Ya jira kwana biyu. Shiru. Wani tushen ya bushe, saura biyar.

Rana ta uku Tabawa ta ajiye kaskon suya ta ce tare za su. Ta riƙe yatsansa tun daga ƙofar gida har tsallaken rafi. Da suka isa ta kwance ɗankwalinta, ta ɗaure ƙafarsa a jikin turken dangar kuɓewa, ta zauna a kan gefen rigarsa. Sannan ta gaida Iya Duna, ta tambayi iyali, ta yi mata ta'aziyyar jikokinta, ta ce ta yi magana a tsanake, yau ko girgizar ƙasa aka yi ba zai motsa ba.

Iya Duna ta ce na biyu, daga yau har ruwa ya sauka ba hayaƙi, ba feshi, ba hannu a kan ganye. Ko me ya gani ya bar shi.

Ƙafar Cindo ta fara jan turke. Tabawa ta danne.

Iya Duna ta ce na uku, in sun gama aiki, tushe ɗaya za a bari a kusurwa, ba za a sare shi ba, ba za a haƙe shi ba, kuma ƙumar da ke kansa ba za a ƙarar da ita ba.

Cindo ya ce shi bai gane ba. A bar ɓarauniya da rai a cikin gida?

"In ta ƙare ƙaf, me za mu ci?" in ji Iya Duna. "Yunwa za ta tashe mu mu bar lambun. Ranar da iska ta kwaso wata ƙumar daga gonar wani, za ta tarar da gida ba kowa. Tushe ukun nan da ka haƙe, rumbunmu ne. Uwarka tana ciyar da mu kaɗan duk shekara, mu kuma mu tsare mata kunya arba'in. Maganar da ta fara gaya maka ke nan, ka fita korar akuya."

Ƙafar Cindo ta daina rawa. Tabawa ta lura, ta sassauta riƙo, bai tashi ba. Sannan ya tambaya, a hankali, ko akwai na huɗu. Iya Duna ta ce babu, sai dai hanya da nisa, iska kuma tana gaba da su, sai ya ɗauke su. Kuma in ya girgiza su ko sau ɗaya, za su fice.

Aka kawo gorar nan dai ta ranar farko. Rabin jama'ar Iya Duna suka shiga, rabi suka zauna wa tsohuwa mai kuɓewa. Cindo ya tallabi gora da hannu biyu kamar mai ɗauke da man shanu a rana. Hanyar da yake yi da numfashi uku, ranar nan tun azahar har rana ta yi ja yana kanta. Mutane suka fito ƙofar gida kallo. Dogara ya tare shi ya tambaya ko ciwon baya ne. Wata tsohuwa ta ce a kira mai magani, an yi wa ɗan Yalwa asiri. Shi dai gumi yake yi, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa.

Ya buɗe gora a gindin tushe biyar ɗin. Baƙaƙe suka hau. Daga can sama aka ji uwar ƙuma tana tambayar wa ya bar ƙofa a buɗe.

Saura jira. Nan fa ake yin ta.

Rana ta farko ya zagaya lambu sau goma sha ɗaya, hannu a baya. Rana ta biyu Tabawa ta kama shi yana miƙa yatsa wajen ganye, wai zai duba ne kawai. Sai ta koma gida ta ɗauko dami guda na ɓawon rama ta jibge a gabansa a bakin rijiya. Ta ce tunda hannun ba ya zama, ya tufka igiya. Ta kawo murhunta da kaskonta nan gefe, tana suyar ɗan abin da ya rage tana gadinsa.

Ya tufka. Ido a kan rogo, hannu a kan rama. Rana ta huɗu ganye yana nan rawaya. Ya ce Yaya, ba su yin komai, bari ya je ƙauyen gaba. Ta ce ya tufka. Rana ta shida ya hango tsutsotsi masu launin toka sun cika bayan ganye, ya zabura ya ce ga wata sabuwar masifa. Ta kwaɗa masa matsamin ƙosai a bayan hannu, ta ce 'ya'yan Iya Duna ne, ya manta abin da aka faɗa a cikin tasa? Ya zauna yana hura hannu. Ya tufka.

Rana ta takwas tushe guda ya bushe. Saura huɗu.

Cindo ya miƙe tsaye. Ya dubi hanyar kasuwa. Tabawa ba ta kama yatsansa ba wannan karon, ta ci gaba da juya ƙosai, ta ce in zai tafi ga hanya nan, amma ya sani da ƙafarsa ya tafi. Ya yi taku uku. Ya tsaya. Sai ya juyo, ya ɗauki igiyar da ya tufka, ya naɗe ƙafafunsa biyu da ita, ya ƙulle da kansa, ya zauna. Ya ce ta miƙo masa sauran rama.

Rana ta goma sha ɗaya, da safe, Tabawa ce ta fara gani. A can ƙololuwar tushen da ke kusa da rijiya wani ɗan toho ya fito, kore shar, a buɗe, ba ɗigo ko ɗaya. Ta nuna masa da baki. Washegari sauran ukun ma suka yi toho. Aka kakkaɓa ganye a farar tasa, ƙurar da ke tafiya ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, ko da ba na Cindo ba.

Rana ta goma sha huɗu hadari ya haɗo daga gabas. Aka kwana ana ruwa.

Da gari ya waye Cindo ya wasa adda. Ya sare tushe na farko, ya yanka shi sanda-sanda. Ya sare na biyu. Ya sare na uku. Sandunan ba su fi na kunya huɗu ba. Ya zo kan na huɗu, wanda ke wajen rijiya, shi ya fi duka kauri, shi kaɗai zai ba da kunya biyu. Yatsan nan ya kama rawa. Ya ɗaga ganye da bakin adda, ya ga Iya Duna a zaune, gefenta 'yan koraye uku suna lallaɓawa, ita kuwa ko kallonsu ba ta yi.

Ya sauke adda.

Tabawa tana tattara sanduna ta ce kada ya damu da ƙarancinsu, Inna da sanda uku ta zo garin nan, su ga su da tushe uku. Suka dasa tare, ita tana miƙo masa yana kafawa.

Igiyar da ya tufka kuwa, da aka warware ta, ta isa a ɗaure jakunan garin duka har a ba maƙwabta aro. Bai sayar da ko taku ɗaya ba. Ya kafa turaku ya zagaye kusurwar gabas da ita, zagaye bakwai, don kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya shiga. Kowa a garin ya san mutum ɗaya ne ake tsoro.

Shekara uku lambu ya koma kunya arba'in. Ƙosan Tabawa ya dawo da ƙamshinsa. Cindo bai daina gudu ba, kada in yi muku ƙarya, har yau tsaye yake cin tuwo. Amma in ya zo wucewa ta kusurwar gabas da fartanya, sai ya cusa hannun dama a aljihu ya danne da na hagu har ya wuce. In kuma mutum yana magana ya ce "amma", sai ka ga Cindo ya kama turke ko bango ko rigar mai maganar, ya riƙe gam, ya ce, "Ƙarasa, ina ji."

Ƙurunƙus, kan kusun da ya leƙa gora ya samu ba kowa. Kafin ku kashe abin da kuka gani a kan ganye, ku duba me ya kawo shi wurin, kuma in babba ya fara magana ku bari ya kai ƙarshe. Ku tashi haka nan. Kai da ka yi gyangyaɗi tun wajen hayaƙin barkono, kakkaɓe wuyan rigarka.